Wanda Na Aika Bakin Kogi

Yola, Nuwamba 2014

Asabar, da hantsi

Nicodemus yana raye. Matarsa Edith ce ta kira ni da wayar wani, ta ce sun iso jiya, rabin hanya da ƙafa, rabi a bayan motar shanu. Suna ɗakin wata 'yar'uwarta a Damare. Tun ranar da Mubi ta faɗa hannun mutanen nan nake kiran lambarsa, ba ta shiga.

Na yi ta kuka a kicin, har Dada, mahaifiyata, ta leƙo ta ce wa ya mutu. Na ce babu kowa. Ta ce to kukan na mene ne? Ban san yadda zan gaya mata ina kuka kan mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Shekara biyu muna aiki tare. Ni ina rubuta tarihi don yara, shi yana zana hotunan, wani kamfani a Abuja yana bugawa. Ba ma'aikatansu ba ne mu, littafi ɗai-ɗai suke ba mu. Ina tura masa rubutu, shi kuma ya aiko da zane ta hannun direbobin Mubi, cikin ambulan mai warin fenti. Mun gama biyu. Na ukun, tarihin garin nan namu, ya tsaya a shafi na tara.

Litinin, bayan La'asar

Na gan shi yau a shagon kwamfuta a Jimeta. Gajere ne, baƙi, da furfura a gemu. A zuciyata dogo nake zaton shi. Ƙafafunsa sun kumbura, an naɗe su da tsumma, silifas ɗin ma na mace ne.

Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, ka ba ni aiki. In na zauna haka, kaina zai fashe."

"Ka" yake ce mini, kamar yadda rabin Jimeta ke yi. Na ce ya huta tukuna. Ya ce in ya rufe ido, shagonsa yake gani yana ci da wuta, gwangwanayen fenti suna fashewa kamar bindiga. Ya ce a hanya wani mutum da suke gudu tare ya sunkuya zai gyara takalmi, aka harbe shi a wuya, jinin ya fantsamo masa har cikin baki. Ya ce bai tsaya ba. Ya maimaita, bai tsaya ba. Daga nan ya tambaye ni ko ina da fensir.

Jimeta ta cika. Mutane a gidajen mai, a ƙarƙashin rumfunan shaguna, a harabar coci da masallaci. Wata mata ta riƙe mini mayafi tana tambaya ko na ga yaro mai jar riga.

Talata, da safe

Wai gobe za su shigo Yola. Jiya ma gobe aka ce.

Talata, da yamma

Ƙanena Usaid ya ajiye kekensa na haya mai ƙafa uku ya shiga 'yan sintiri masu gadin bakin gada. Ya dawo da gora mai ƙarfe a kai, ya jingina ta a bayan ƙofa. Muna cin tuwo yake ba mu labari wai an kama wani a tasha da jaka, ya ƙi buɗewa, aka rataya masa taya aka kunna. Ya ce ƙarar kan mutumin da ya fashe har tsallaken titi an ji.

Dada ta ce, "Kai, ba a kan abinci ba."

Na ce me aka samu a jakar? Ya ce, "Haba Adda," haka yake kirana, wato yaya, "wa zai tsaya dubawa?" Ya ci gaba da cin tuwonsa. Yaron da na goya a bayana.

Alhamis, da hantsi

Shafi na tara na zamanin da jiragen ruwa ke hawowa kogin Binuwai su ɗauki gyaɗa da fatu ne. Na ba Nicodemus rubutun da takardu da fensira. Ya karanta a hankali da yatsa, ya ce shi ba ya zana ruwan da bai gani ba, kowane kogi da irin tafiyarsa. Ya ce a ina zai tsaya ya ga faɗinsa sosai?

Na gaya masa wurin.

Debbie, editarmu a Abuja, ta sake tuna mini dokarsu: ban da jini a hoto, ban da gawa, yara ne za su karanta. Na duba tsofaffin shafukana. "Sai aka yi yaƙi, aka ci garin." Sau nawa na rubuta wannan? Layi ɗaya, yaro ya karanta ya juya shafi. Ba wanda ya sunkuya gyaran takalmi a cikinsa.

Juma'a, bayan sallah

Usaid ya dawo da wuri. Bai yi sallama ba. Ya wuce bayan gida ya wanke rigarsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

Juma'a, kafin Magariba

Edith ta kira. Ban gane muryarta ba da farko.

Asabar, da rana

Zan rubuta yadda na gani, don kada gobe in ce ban gani ba.

Nicodemus yana asibiti, da ɗan sanda zaune a bakin ƙofa. 'Yan sanda ne suka ƙwace shi daga hannun jama'a, an riga an sa masa taya a wuya. Har yanzu rigarsa da ke cikin leda ƙarƙashin gado tana warin fetur. An gan shi a bakin kogi yana kallon gada yana zane, wani ya yi ihu wai ɗan leƙen asirinsu ne, yana zana inda za a dasa bam. Ba shi da katin shaida, ya ƙone a Mubi. Da aka ji ya ce daga Mubi yake, shi ke nan.

Hannun dama suka fara kamawa. Suka ɗora shi a kan dutse suka daka da wani dutsen. Likita ya ce yatsu uku sun niƙe, biyu dole a cire. Kansa ya tsage wuri biyu. Ido ɗaya ya rufe, ya yi kamar tumatir da ya ruɓe. Bakin ne ban iya kallo ba. Muƙamuƙinsa ya karye, haƙoran gaba babu, an ɗaure masa haƙoran sama da na ƙasa da siririn ƙarfe. Ba zai yi magana ba sai bayan makonni.

Na kai wa babban ɗan sandan littattafanmu biyu, na nuna masa sunana da na Nicodemus a bango. Ya juya shafukan, ya daɗe a kan hoton wata giwa. Ya ce, "Hajiya, a irin wannan lokaci wane mai hankali ne zai tura mutum ya zana gada?"

Na ce kogi ne, ba gada ba.

Lahadi

Ban fita ba.

Litinin, da safe

Na ce Usaid ya kai ni asibiti a keke. Ya ce tayar baya ta yi faci. Na duba, lafiyarta ƙalau. Gorar ba ta bayan ƙofa.

Litinin, bayan La'asar

Edith tana ba shi kunu ta wani siririn tiyo da take cusawa ta gurbin haƙoran da suka zube. Rabin kunun yana dawowa ja. Mace ce babba mai ƙarfi, ba ta kuka a gabansa, sai ta fito baranda.

A barandar ta ce mini, "Malama, wani mai rake da ya ga abin ya ce mijina, Baban Nancy, yana ta kiran sunan wata mace, yana cewa a je a tambaye ta. Kafin a ji sunan da kyau, wani yaro ya zuba masa gora a baki. Sau biyu." Ta share hanci da gefen zani. "Ni yake kira. Ina Damare ina wankin kaya, mijina yana kirana."

Na riƙe hannunta.

Laraba, da hantsi

Debbie ba ta san abin da ya faru ba. Ta aiko wai za su sa ɗan bayani game da marubuciya da mai zane a bayan littafin: inda aka haife mu, yadda muka fara, abin da muke so mu yi in muna hutu. Wai a yi shi da raha, yara suna son sanin masu yi musu littafi.

Nawa mai sauƙi ne. An haife ni a cikin garin Yola. Shekara tara na koyar da 'yan aji huɗu, ina karanta musu tarihin ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba daga littafin da ba shi da hoto ko ɗaya, suna gyangyaɗi. Ranar da na ajiye littafin na ba su labarin da kakata ta ba ni na yadda aka kafa unguwarmu, ba wanda ya yi barci. Daga nan na fara rubutawa.

Nasa kuwa sai na ga ban san komai ba. Abin da na sani kawai yadda na same shi. Wata rana a tashar Jimeta na ga babbar mota mai bodin katako, an zana kada a bayanta, idon kadan yana bin mutum duk inda ya tsaya. A ƙasa an rubuta lambar waya. Na kira.

Sauran Edith ce ta ba ni, muna zaune a gefen gadonsa, yana ji. Ɗan Numan ne, ubansa masunci ne. Firamare kaɗai ya yi. Yana yaro yakan zana kifi da gawayi a jikin kwalekwalen babansa, a yi masa duka, gobe ya sake. Da ya tasa ya gudu Mubi wurin wani mai fentin motoci, Oga Albert, ya shekara biyar yana wanke buroshi kafin a bar shi ya taɓa mota. Zakuna, gaggafa, allunan masu aski, bangon cocinsu duk Kirsimeti. Ta ce ranar da littafinmu na farko ya iso, ya zagaya da shi garejin kaf, har masu faci sai da suka gani, ya ce yau 'ya'yan masu digiri za su karanta hannun ɗan masunci.

Ta yi dariya, ta juya ta ce, "Ko ƙarya na yi, Baban Nancy?" Hawaye na fita daga idon da ya rufe. Ban san rufaffen ido yana hawaye ba.

Laraba, da yamma

Na kira Debbie na gaya mata. Ta yi kuka, kukan gaske. Can ta ce, a hankali, ko na san wani da zai iya kwaikwayon hannunsa ya ƙarasa sauran shafukan. Na kashe wayar.

Alhamis

An cire yatsun.

Juma'a, bayan sallah

Usaid ba ya zuwa sintiri. Ba ya fita da keke. Yana kwance yana kallon rufi. Abokansa sun zo har ƙofa suna kiransa, ya ce Dada ta ce musu zazzaɓi yake yi.

A rediyo wai mafarauta sun shiga Mubi. Mutane suna ta murna a titi. Dada ta ce in ci abinci.

Asabar, da safe

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya da La'asar ba.

Asabar, da rana

Muciyar Dada ta karye. Ni na karya ta.

Na shiga ɗakin Usaid na rufe ƙofa na ce, "Kana wurin?" Bai yi kamar bai gane ba. Ya tashi zaune ya ce yana wurin. Ya ce ba shi ya yi ihun ba, ba shi ya kama hannun ba. Ya ce yana gefe, sai ya ji mutumin yana cewa, "Malama Raliya ce ya aike ni! Malama Raliya na cikin Yola, ku je ku tambaye shi!"

"Adda, sunanki yake kira. Mutum sun fi ɗari, da fetur a hannu. Akwai waɗanda suka san gidan nan. Da ya faɗa sau ɗaya kuma, nan za su zo. Ke da Dada."

Na ce, "Sai ka ce musu yayarka ce! Sai ka ce ka san ni!"

Ya ce, "Da ni da shi za a sa wa tayar."

Ban san lokacin da na ɗauko muciyar ba. Na doke shi a kafaɗa, a hannu, a ka. Bai kare ba. Goshinsa ya fashe, jini ya rufe masa ido, ina ci gaba, ina jin daɗin ƙarar da take yi a jikinsa. Wannan ma zan rubuta: na ji daɗi. Sai da icen ya rabu biyu Dada ta samu ta riƙe ni ta baya, tana salati da Fulatanci da Hausa a haɗe.

Yana share jini yake cewa shi ne ya ture mai ashana har 'yan sanda suka iso. Wataƙila gaskiya ne. Ba ni da wanda zan tambaya.

Da ta gama ɗaure masa goshi, Dada ta zo ta zauna a bakin gadona. Ta ce, "Kare gidan nan ya yi." Na ce da fasa bakin wani. Ta ce, "Ke kuma wa ya ce ki aika bawan Allah bakin gada?"

Lahadi

Ban fita ba. Ban je asibiti ba. Edith ta kira, ban ɗauka ba.

Litinin

Ban fita ba.

Talata, da hantsi

Na je. Edith ta ce ta ɗauka ba ni da lafiya. Na ce haka ne.

Za a sallame shi jibi. Ba za su zauna a Damare ba, Numan za su tafi wurin danginsa. 'Yan sanda sun janye mutuminsu daga bakin ƙofa. Na zauna kusa da shi, na buɗe baki sau da yawa. Idonsa mai kyau yana kaina. Na yi masa maganar zafi, da tsadar tumatir.

Da zan tafi Edith ta ce, "Malama, ba ka ce ƙaninka yana da keke ba? Ya taimaka ya kai mu tashar Numan. Ba na son in sa shi a keken wanda ban sani ba, su yi ta faɗa da shi rami."

Na ce to.

Laraba, da yamma

Na gaya wa Usaid. Ya ce in kashe shi ya fi sauƙi. Na ce in bai kai su ba, da bakina zan gaya wa Edith, a gaban Dada. Ban san ko zan iya ba. Shi ma bai sani ba.

Alhamis, bayan Azahar

Ya kai su.

Ya sa hula ya ja ta har kan bandejin goshinsa. A ƙofar asibiti Edith ta ce ya zo ya kama mata, ƙafafun mijin ba su da ƙarfi. Usaid ya sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa ya ɗaga shi ya zaunar a keke. Fuskokinsu sun kusa haɗuwa. Na kalli ƙasa.

Bai taɓa tuƙi a hankali haka ba. Kowane rami sai ya zagaye. Edith ce kaɗai ke magana, tana yabonsa, wai yaran yanzu ba su da irin wannan natsuwa. Ta tambaye shi me ya same shi a goshi, ya ce faɗuwa ya yi. Nicodemus yana tsakiyarmu, dunƙulen bandejin hannunsa a kan cinya, numfashinsa yana fita da ƙara ta tsakanin ƙarafan. Ta madubin keke yake kallo. Tun daga asibiti har tasha bai ɗauke ido daga madubin ba.

A tasha Usaid ya ɗauki jakarsu ya sa a mota, ya nema masa kujerar gaba. Edith ta dafa kansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya tsare ka daga mugayen mutane."

A hanyar dawowa ya tsayar da keke a gefen titi ya yi ta amai a kwata. Ina zaune a baya. Ban sauka ba.

Juma'a

Na cire sunan littafin daga kwamfuta, na mayar, na sake cirewa.

Asabar, da hantsi

Edith ta kira daga Numan. Sun isa lafiya. Ya sha kunu da yawa, ya yi barci. Ta ce da safen nan ya yi mata alama ta ba shi biro, ya yi rubutu da hagu a bayan kwalin magani, da ƙyar ta karanta.

"Wai in gaya maka ya gane direban. Na ce, ah, ashe ka san ƙanin Malama? A ina? Ya ƙi ƙara rubuta komai. Sai nuna waya yake yi, wai in kira. Ga shi nan kusa da ni. Ba ya iya magana, amma yana ji."

Na ce ta sa masa a kunne, ta ɗan ba shi wuri.

Na ji motsin wayar, na ji takunta yana nisa, sai numfashin nan mai ƙara. Usaid yana tsakar gida a kan turmi, Dada tana canza masa bandeji. Na je na tsaya a gabansa na miƙa masa wayar. Ya kalle ni, ya kalli Dada. Dada ta tattara audugarta ta shige ɗaki.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe da ita a kunne. Can na ji ya ce, "Baba. Ni ne."

Na shiga kicin na ja ƙofa. Har yanzu bai dawo mini da wayar ba.